Abin da Na Goge a Ƙasan Fanka

Tun kafin a haife ki, Godiya, akwai fargabar da na shigo da ita gidan babanku, ban taɓa faɗa wa kowa ba. Hannuna nake tsoro. Ni a aji huɗu na tsaya a firamaren ƙauyenmu can bayan Gella, shi kuwa babanku mutum ne da ke buɗe wayoyin mutane a kasuwar Mubi, ya leƙa ciki, ya ce ga abin da ke damun ta. Ranar da aka kawo ni na ga teburinsa a kusurwar ɗaki, cike da ƙusoshin da ba su kai ƙwayar gero ba, sai na ce a raina, wata rana zan taɓa wani abu a nan in ɓata shi, ya gane irin matar da ya ɗauko. Shekara biyu ina shara ina zagaye teburin nan kamar an kwantar da jinjiri a kai. Ko bakin tsintsiya bai taɓa ƙafarsa ba.

Na san ban kai shekarun masu rubuta tarihinsu ba. Abin da ya sa na sayi wannan littafin rubutu shi ne, makon jiya na ji kina ba ƙanenki Ishaya labarin kwamfutarmu ta farko, kina cewa ta ba Baba wahala ne saboda fankarta ta zo daga kamfani babu mai. Haka babanku yake faɗa wa kowa, shi ya sa ban ga laifinki ba. Amma ba haka aka yi ba.

Kina rarrafe shekarar da ya faɗi da mashin a hanyar Gella. Ya warke ko'ina, sai hannun dama. Yatsun ba sa haɗuwa, in ya matsa musu sai su kama rawa. Mai gyaran waya kuwa duk arzikinsa a kan yatsu yake. Ya gwada da hagu, ƙusa ta ɓace masa sau uku a yini ɗaya, ya mayar wa mutane wayoyinsu, ya dawo gida ya kwanta yana kallon bango. Kakarku, wadda nake kira Mama, ta baro ƙauye ta zo ta tare a wurinmu, kuma kullum maganarta ɗaya ce, da yarenmu na Gude take yin ta don ta fi shiga.

"Ku tattara ku dawo gida. Akwai gona, akwai rumbu. Da hannu ɗaya ma ana korar tsuntsu a dawa."

Shi kuwa wayarsa yake riƙewa da hagu, yana kallon waɗansu mutane suna harhaɗa na'urori. Na ɗauka kashe lokaci yake yi. Sai wata safiya ina dama kunu ya kira ni.

"Maman Godiya, kin san samarin unguwar nan har tasha suke tafiya don su buga gem a kwamfuta?"

Na ce na sani, ina ganin su.

"In da akwai kwamfuta ɗaya mai ƙarfi a shagon nan na gaba da ba kowa a ciki, ba za su wuce mu ba. Sabuwa ta fi ƙarfinmu. Amma ana haɗa ta guntu-guntu, kamar yadda kike haɗa miya. Kaina ya riƙe yadda ake yi."

"To hannun fa?"

"Ga naki."

Ludayin ne ya kusa faɗuwa a tukunya. Amma wata huɗu ke nan ban ji ya yi maganar gobe ba, don haka na ce to.

Mun sayar da abin da ya rage na mashin, na sa aka sayar da awakina biyu da ke wurin ƙanwata. Kayan kuma suka riƙa shigowa ɗaya-ɗaya ta hannun Umaru, maƙwabcin rumfarsa a kasuwa, wanda har yau amarya yake kirana. Akwatin ƙarfen daga wani ofis da aka rufe ya fito, da lotsawa a gefe. Katin hoto, wanda shi ne ke zana duk abin da ake gani a gem, wani ɗalibi ne ya gaji da shi. Babban allon da komai ke zama a kai daga Yola aka aiko shi, an naɗe a tsohuwar riga. Ranar da babanku ya warware rigar nan a ƙarƙashin hasken taga, na manta da tuwo a wuta. Akwai wani dutse a bayan ƙauyenmu, in ka hau da safe kana hango Mubi shimfiɗe a ƙasa. To haka allon nan yake. Ga hanyoyi sirara suna tafiya a jere, su karya kwana tare, babu wadda ta hau wata. Ga gidaje masu baƙin rufi, ga tankuna a tsaye, ga fili a tsakiya kamar an bar wa kasuwa. Na tambaye shi wa ya zana wannan gari, ya ce mutane ne irinmu. Na daɗe ina juya maganar nan. Mutane masu cin tuwo, masu ciwon kai, su zauna su shimfiɗa hanya wadda ta fi gashin kai siranta, kuma wuta ta bi ta ba ta ɓata ba.

Sai in gaya muku wani halina na lokacin. Ke Godiya duk abin da hannunki ya kai, baki za shi. Kin taɓa tauna takalmin baƙo kika yi kwana uku kina gudawa, na tsorata ƙwarai. Tun daga nan babu abin da ke shigowa ɗakina daga kasuwa ban goge shi ba, ko buhu ne, ko kwano, ko kuɗin canji. Kayan kwamfutar nan kuwa duk na hannu ne, da ƙura da gashin wasu gidaje a jikinsu. Babanku ya ga ina kallon su a takure, ya ba ni wani burushi mai laushi, ya ce in share su a bushe, kada ruwa ya kusance su. Na yi, ya duba, ya yaba. Wannan yabon ne ya ba ni ƙarfin halin da ban saba da shi ba.

Abu ɗaya ne kawai sabo a cikin kayan, fankar da ke zama a kan ƙwaƙwalwar kwamfuta tana sanyaya ta. Umaru ya kawo ta a kwalinta ranar Laraba. Ranar Alhamis babanku ya tafi asibiti inda ake motsa masa yatsu, Mama ta goya ki ta shiga maƙwabta. Na ce bari in duba wannan ma. Na buɗe kwalin, na juya fankar, sai ga wani tabo a ƙasanta, launin toka, mai danƙo, a kan ƙarfe mai sheƙi. Raina ya ɓaci. Na ce wato tsohuwa suka saka masa a sabon kwali don sun ga ba shi da lafiya. Burushi bai fitar da shi ba. Na yagi gefen wani tsohon zanina, na naɗe a yatsa, na bi shi a hankali, lungu-lungu, har ƙarfen ya fito fes ina ganin idona a ciki. Na mayar da ita kwali, na rufe yadda na same ta. Ban faɗa masa ba, don kada ya ji an cuce shi. Yinin nan da farin ciki na yi shi.

Ranar Asabar da safe ya jawo kujerarsa, wadda ban taɓa zama a kai ba, ya ce in zauna. Ya sa na taɓa ƙarfen taga tukuna, wai akwai wata wuta a jikin mutum da ba a jin ta, amma tana iya kashe allon. Mama tana bakin ƙofa, tana riƙe da ke a cinya.

"Yanzu kuma jikin mutum ne ke da wuta? To a ja mana ta mu huta da duhu."

Ya tsaya a bayana yana nuni da hagu. Ya ba ni ƙwaƙwalwar, 'yar ƙarama, ba ta kai akwatin ashana ba, kuma ita ta cinye akuya guda. Ya nuna mini wata alama ta zinariya a kusurwarta, ya ce in daidaita ta da 'yar'uwarta da ke kan allon, in sake ta kawai, kada in danna. Na sake ta. Ta zauna da kanta, kamar dama can gidanta ne. Sai waɗansu dogaye biyu masu kama da mataji, su kuma ya ce in danna da ƙarfi har sai sun yi ƙara. Na ce za su karye. Ya ce ba za su karye ba. Na rufe ido na danna, na ji ƙas, ƙas. Ya ce, "Kin ga? Hannun masu kitso ne." Gumi yana bin bayana, amma wani daɗi yana tasowa daga cikina.

Sai ya turo kwalin fankar.

"Wannan ki riƙe ta ta gefe. Kada ki juya ta, kada yatsanki ya taɓa ƙasan. Akwai wani mai da suka shafa mata tun daga kamfani, launin toka. Shi ke jawo zafi daga ƙwaƙwalwar ya miƙa wa fanka. In ya goge, an gama."

Ban san yadda zan kwatanta muku ba. Abin da na shekara biyu ina gudu, ga shi na riga na yi shi tun shekaranjiya, har da murna. Yana tsaye a bayana, ba ya hango ƙasan fankar. Kalma uku ce a bakina, na goge shi. Na dubi fuskarsa ta gefe, na ga hasken da rabona da shi tun kafin haɗarin, ga Mama tana jira ta ga abin da zai ɓaci. Sai na ce a raina, ɗan tabon nan me zai hana? Ƙarfe mai tsabta ai ya fi. Na ɗora fankar, na ɗaure ta.

Wajen azahar muka gama, aka yi sa'a akwai wuta. Ya ce ni zan danna. Na danna, shiru na ɗan lokaci, sai fankar ta motsa, ta juya, ta ɓace a cikin gudunta. Wani ɗan koren haske ya kama. Rubutu ya fito a gilashin kwamfutar. Umaru ya riga ya zuba wasanni a cikin ma'ajiyar kwamfutar, babanku ya buɗe na ƙwallo. Godiya, na sha ganin ƙwallo a talabijin, amma wannan dabam ne, domin ni na ɗaure kowace ƙusa, na san babu komai a akwatin nan sai ƙarfe da roba. Ga shi kuma fili ya buɗe, ciyawa kore shar, kowane ɗan wasa da inuwarsa tana bin sa, rigunansu suna kaɗawa, dubban mutane suna tsalle a bayansu. Babanku ya tura 'yar sandar da ke kan abin buga wasan da babban yatsansa na hagu, wani mutum a ciki ya ruga. Mama ta taso har gaban gilashin.

"Waɗannan a wane gari suke bugawa?"

"A cikin akwatin nan, Mama."

"Kai dai faɗi gaskiya. Ina zaune ta rufe shi, ban ga kowa ya shiga ba."

Muna cikin dariya fankar ta fara kuka, 'yan wasan suka riƙa tafiya da ƙyar kamar masu taka laka a bakin kogi, sai gilashin ya yi baƙi. Babanku ya ce an ɗauke wuta. Ni na ɗaga kai na ga ƙwan ɗaki yana ci.

Kwana tara muka yi a haka. In an kunna ta a bar ta, lafiya lau. Da an shiga wasa, sai ta ɗan yi tafiya ta mutu. Ya sa na cire katin hoto na mayar. Ya sa na cire matajan nan na musanya musu wuri. Umaru ya zo ya tafi da ɗan akwatin da ke ba ta wuta, ya kawo wani aro, duk ɗaya. Har Umaru ya ce a ɗaga fankar a gani, babanku ya hana.

"Ita kaɗai ce sabuwa, kuma ga ta tana juyawa. In aka ɗaga ta man zai lalace. Ba daga nan ba ne."

Ina tsaye da tiren shayi na ji wannan. Ni kuwa na riga na gane, don na lura da abin da su ba su lura ba. Da sassafe takan daɗe. Da rana tsaka ko rabin wasa ba ta kaiwa. Kafin ta mutu numfashinta yakan canza, irin na yaro in zazzaɓi ya hau. Na kai bayan hannuna kusa da allon yadda nake taɓa goshinki, na ji zafin. Zazzaɓi ne ke kashe ta, kuma na san wanda ya ɗauke mata magani. Kullum in ce yau zan faɗa, kullum in ga ya ƙara yin shiru, sai tsoron ya ƙaru. Ya daina kallon bidiyon. Ya koma barin abinci a kwano.

Ranar Lahadi bayan mun dawo coci, ko takalmi bai cire ba, ya zauna a bakin gado ya ce da Mama ta aika wa kawunsa a gyara ɗakin da ke ƙauye. Umaru zai sayar da kayan.

"Na bi komai yadda yake, ɗaya bayan ɗaya. Na ɗauka hannun ne kaɗai ya tafi a hanyar nan. Ashe har da kan."

A hankali ya faɗa, yana kallon yatsunsa. A nan na ga abin da shiruna yake ci. Ina ta tsoron kada ya raina ni, shi kuma ga shi ya gama raina kansa a kan laifin da ba nasa ba. Na tashi na ɗaga katifa. Ƙyallen nan yana nan, na wanke shi sau biyu tabon bai fita ba. Na durƙusa na ajiye shi a gwiwarsa.

"Baban Godiya, man da ka ce kada a taɓa. Ga shi nan. Tun ranar Alhamis ɗin da ka je asibiti. Na ɗauka datti ne."

Ya ɗaga ƙyallen ya kai wajen haske, ya murza tabon da yatsa.

"Duka kika goge?"

"Har sai da na ga idona a ciki."

Sai kafaɗunsa suka fara motsi. Na ɗauka kuka ne, ashe dariya ce, irin wadda ke fitowa da ƙyar bayan an daɗe ba a yi ba.

"To kaina lafiya yake," ya ce. Ya sake cewa, "Kaina lafiya yake, Mama."

"Ni dama na sani," in ji Mama. "Yarinyar nan ko ni in na cika zama wuri ɗaya goge ni za ta yi."

Da dariyar ta lafa, ya dube ni, fuskarsa ta koma daidai.

"Gogewar ba komai ba ce, ni ne ban gaya miki da wuri ba. Amma kwana tara, Maman Godiya."

Sau ɗaya ya faɗi wannan, bai sake ba har yau. Ni ce nake maimaita wa kaina.

Washegari ya tafi kasuwa da ƙafarsa, karo na farko tun da ya bar rumfa, ya dawo da man a cikin wani abu kamar sirinjin allura, kuɗinsa bai kai na mudun shinkafa ba. Na taɓa ƙarfen taga, na kwance fankar da kaina. Ya ce in ɗiga kamar rabin ƙwayar wake a tsakiyar ƙwaƙwalwar. Na ɗiga, na tsaya ina kallon sa. Wannan ɗan ɗigon, wanda in na gan shi a gefen kwano zan sa yatsa in share, shi ne tsakanin garin nan mai hanyoyi dubu da mutuwarsa, shi ne tsakanin zamanmu a Mubi da komawa ƙauye. Na mayar da fankar. Tun hantsi ake buga ƙwallo a akwatin nan har rana ta karkata, numfashinta bai canza ba. Ina kai bayan hannuna, ina jin iska mai ɗumi kawai, irin ta lafiyayyen yaro mai barci.

Da la'asar Umaru ya leƙo, ya tarar ana wasa, ya riƙe ƙugu.

"A'a, amarya, wace addu'a kika yi mata? Me ya same ta dama?"

Na buɗe baki, babanku ya riga ni.

"Fankar ce ta zo babu mai."

Bai ko kalle ni ba. Umaru ya tafi yana faɗan kamfanonin zamani, labarin kuma ya zauna a haka. Yanzu kwamfuta huɗu ce a shagon da kuke yini a ciki, duka ni na ɗaure su yana tsaye a bayana, kuma har yau in na buɗe sabon allo sai na ɗan tsaya na kalli garin kafin in taɓa. Duk wanda ya tambayi yadda muka fara, babanku yakan ce matata ba ta taɓa kuskuren ƙusa ɗaya ba. Ina jin daɗin hakan, amma yana yi mini nauyi, domin a labarinsa babu inda aka ce ya yi gaskiya tun ranar farko, kuma babu inda aka ce ya rufa mini asiri a gaban mutane alhali shi aka cutar.

Ƙyallen yana cikin akwatin kayana, a ƙasan zannuwan coci, in kuna son gani. Abin da nake roƙo, Godiya, ke ce babba kuma kin fi ni karatu: ki ɗauki littafin nan ki kai wa babanku a shago lokacin da babu mutane, ki zauna ki karanta masa da ƙarfi tun daga farko. In ya ce ki bari, kada ki bari sai kin kai nan.